Yadda za a shiga Wadi Lajab a fito lafiya

Wadi Lajab kwazazzabo ne mai ruwa da ciyayi shar a gundumar Raith, yankin Jizan, ƙasar Saudiyya. 'Yan uwa da ke tasowa daga Jidda ko Makka, ku kwana a Jizan ko Sabya, ku kama hanya bayan sallar asuba, don hanyar dutse ce mai kwana-kwana. Ku nemi mota mai jan ƙafa huɗu. Ƙaramar mota cikinta na bugar duwatsu a bakin kwarin.

Abin tsoro na farko shi ne ambaliya. Ruwa zai sauka a kan tsaunuka can nesa, ku kuna cikin rana, sai ya taru ya sheƙo ta matsatsin. Idan ruwan ya fara komawa ja, ko ya ɗauko karmami, ko kuka ji rugugi daga sama, ku hau tudu nan take, ku bar kaya. Ranar da aka yi hasashen ruwa, a fasa tafiyar. Lambar jami'an kare farar hula 998 ce, amma sabis na ɗaukewa a ciki, don haka ku sanar da wani mutum lokacin fitowarku.

Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba: gansakuka na sa duwatsu santsi. Kowa ya riƙe ruwan sha lita 2 zuwa 3.

Kafin iyo, a auna zurfin tafkin da sanda, kada a yi tsalle da kai. Yara su sa rigar iyo mai hana nutsewa. Abinci kuwa a ɓoye shi cikin jaka, birai na fizgewa.