Dillali ko Banki Kai Tsaye? Shawara ga Baƙon da ke Son Sayen Gida a Ingila

Duk wanda ya taɓa sayen fili a Kano ko Maraɗi ya san dillali, ya san la'ada, wataƙila ma ya sha wuya a hannun wasunsu. Shi ya sa idan ɗan'uwa ya shekara biyu ko uku a Ingila, haya ta ishe shi, sai ka ji ya ce shi ba ruwansa da dillali, bankin da albashinsa ke shiga zai nufa ya nemi bashin sayen gida. Na fahimci wannan ɗari-ɗarin. Amma a ganina baƙo, musamman wanda bai samu takardar zaman dindindin ba tukuna, da dillalin bashin gida ya kamata ya fara.

Ma'aikacin banki hajar gidansu kaɗai yake tallatawa. Kowane banki kuwa da tasa ƙa'idar a kan mai biza. Wani ba zai saurare ka ba sai ka zo da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami. Wani zai karɓi kashi 10 idan albashinka ya kai wani mataki. Wani shekarun da ka yi a ƙasar yake ƙirgawa, wani kuma watannin da suka rage a bizarka. Ba a manna waɗannan a tagar banki, dillali ne ya san su domin da su yake kwana yake tashi.

Na ga wannan a kan wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya a arewacin Ingila. Ta jera takardun albashinta da bayanan asusu na wata uku a cikin jaka, ta ɗauki hutun rana guda, ta tafi bankinta. Sai da aka gama cike komai sannan maganar biza ta taso, aka ce a'a. Ta gwada banki na biyu, haka. Ta dawo gida jiki a sanyaye, ta ɗauka albashinta ne ya gaza. Da ta zauna da dillali, tambayarsa ta farko ita ce irin bizar da take kai da ranar ƙarewarta, daga nan ya ware mata 'yan bankunan da ke karɓar irinta. Albashin nan dai da shi aka ba ta.

Yawo daga banki zuwa banki yana da illa da ba a gani nan take. Kamfanoni uku ne ke riƙe tarihin bashin mutane a ƙasar: Experian, Equifax da TransUnion. Duk cikakkiyar buƙata da ka shigar takan bar tambari a fayil ɗinka, bankin gaba kuma yana gani. Tambari da yawa cikin 'yan watanni yakan sa a ɗauke ka mai neman bashi ido rufe. Ga shi baƙo fayil ɗinsa fari ne fat, domin amanar da ka gina shekara ashirin a gida ba ta biyo ka a jirgi ba. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da wata dama, tunda ƙasashensu na cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila: za su iya shiga rajistar masu zaɓe, wadda bankuna ke dubawa don tabbatar da adireshi. 'Yan Nijar da Chadi da Sudan ba su da wannan, sai su dage da takardun wuta da gas da harajin ƙaramar hukuma da sunansu.

Sai batun la'ada. Bankin da ya bayar da bashin shi ke biyan dillali, yawanci ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na bashin. Wasu dillalan da wannan suke wadatuwa, wasu kuma su ɗora maka nasu kuɗin, fam ɗari kaɗan. Doka ta wajabta ya bayyana maka wannan tun daga farko. Tambaye shi kai tsaye: duk kasuwa kake dubawa, ko bankuna ƙalilan kake wa aiki? Yaushe zan biya ka, kuma idan ciniki ya rushe fa? Kafin ka miƙa masa ko kwafin fasfo, nemi sunan kamfaninsa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin hada-hadar kuɗi, tana nan a intanet kyauta. Wanda aka turo maka lambarsa a WhatsApp, ya ce zai "gyara" maka takardar albashi, gudu za ka yi. Zamba ce a dokar ƙasar, sunanka ne a kan takardar, zamanka ma na iya shiga haɗari. Mai rajista kuwa idan ya ba ka gurguwar shawara kana da inda za ka kai ƙara: ka fara da kamfaninsa, in mako takwas ya wuce ba a warware ba ka garzaya Financial Ombudsman Service, ofishin da ke sasanta irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, ba a biyan ko kwabo.

Wakilin sayar da gidaje zai iya matsa maka ka yi amfani da dillalin ofishinsu. Ba dole ba ne. Doka ta ce ya isar da tayinka ga mai gida ko da wa kake aiki.

Ga da yawanmu akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, wato riba. A Birtaniya akwai tsarin da ake kira Home Purchase Plan. Kai da banki ku sayi gidan tare, kana biyan haya a kan kason banki, kana kuma sayen kason nasa kaɗan-kaɗan har gidan ya zama naka ɗungurungum. A 2003 aka gyara doka don kada a karɓi harajin sayen gida sau biyu a irin wannan ciniki. A 2004 aka kafa Islamic Bank of Britain a Birmingham, wanda ya koma Al Rayan Bank a 2014, akwai kuma Gatehouse Bank da wasu ƙananan kamfanoni. Da yake masu bayarwa ba su da yawa, tuntuɓarsu ɗaya bayan ɗaya da kanka ba zai gagare ka ba. In kuwa dillali kake so, ka sani izinin bayar da shawara a kan wannan tsari daban yake da na bashin ruwa, ba kowane dillali ke da shi ba, rajistar FCA za ta nuna. Sau da yawa biyan wata-wata yakan fi na bankin ruwa tsada, gara ka shiga da saninka. Hukuncin halasci kuma na malamai ne, sun kuma yi saɓani a kan wasu sigogin. Ka ɗauki ainihin takardar yarjejeniyar ka zauna da malamin da ka aminta da iliminsa.

Zuwa banki kai tsaye yana da wurinsa. Wanda ya samu zaman dindindin, albashinsa tsayayye, fayil ɗinsa ya yi kauri, zai iya kwatanta farashi da kansa, akwai ma rangwamen da wasu bankuna ba sa bayarwa ta hannun dillali. Haka idan wa'adin shekara biyu ko biyar da banki ya tsayar maka da kuɗin ruwa ya kusa cika, sabuntawa da bankinka yakan zo da sauƙi. Ko a nan dai ka leƙa waje wata shida kafin lokaci. Tsakanin ƙarshen 2021 da Agustan 2023 Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 zuwa 5.25, waɗanda wa'adinsu ya cika a lokacin sun ji a jikinsu.

Ko wace hanya ka bi, kada ka ɓoye asalin kuɗin kafin alƙalaminka. Idan kwasar adashe ce, ajiye shaidar zubinka na kowane wata. Idan filinka ka sayar a gida, riƙe takardar ciniki da ta turo kuɗin. Idan kyauta ce daga Baba ko yaya, za a nemi wasiƙarsa cewa ba bashi ba ne, da shaidar inda shi ma ya samo. Banki zai tambaya, lauya ma zai tambaya. Kuɗin da kake tura wa iyaye duk wata zai fito a bayanan asusunka, gara ka faɗa da bakinka.

Sannan gidan da ka mallaka a gida, ko kason da ka gada. A Ingila mai sayen gidan farko ba ya biyan harajin saye a kan fam 300,000 na farko, bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Afrilun 2025, amma sai wanda bai taɓa mallakar gida ba a ko'ina a duniya. Gida a Zariya ko Damagaram yana cikin lissafi. Idan darajarsa ta kai fam 40,000 kuma yana hannunka har ranar saye, yana iya jawo ƙarin haraji na kashi 5 cikin ɗari. Scotland da Wales suna da nasu tsarin daban. Faɗa wa dillali da lauya wannan a zaman farko, tun kafin ka taya gidan kowa.