Yadda Ake Ziyartar Tsofaffin Gine-ginen Paris a Ranakun Kayan Tarihi

A ƙarshen mako na uku na watan Satumban kowace shekara, wato Asabar da Lahadi, hukumomin Faransa kan buɗe wa jama'a ƙofofin gine-ginen da a sauran ranakun shekara sai dai mutum ya hango su daga bakin titi. Ministan al'adu Jack Lang ne ya fara wannan tsari a 1984, da farko na yini guda, kafin a mayar da shi kwana biyu, kuma daga baya ya bazu zuwa sauran ƙasashen Turai. Faransawa na kiran ranakun Journées du patrimoine, kuma shiga mafi yawan wuraren kyauta ce. Ga ɗalibi ko ɗan kasuwa ko baƙon da Satumba ta riske shi a Paris, ga yadda zai ci moriyarsu.

Matakin farko, wanda kuma shi ne ya fi muhimmanci, shi ne zaɓen wurin da za ka je. Kada ka ɓata waɗannan kwanaki biyu a gidan tarihi na Louvre ko hasumiyar Eiffel, domin waɗannan suna nan a buɗe duk shekara. Ka nemi wuraren da ake aikin gwamnati a cikinsu: Fadar Elysee inda shugaban ƙasa yake zaune, gidan Matignon na firaminista, Fadar Luxembourg ta majalisar dattawa, Fadar Bourbon ta majalisar wakilai, da ma'aikatar harkokin waje da ke Quai d'Orsay. A ganina babban wuri ɗaya ya isa a yini guda, sai a haɗa shi da ƙananan wurare biyu da ke kusa da shi, saboda wanda ya ce sai ya ga komai yakan ƙare yininsa a tsaye cikin layi.

Mataki na biyu shi ne rajista. Ma'aikatar al'adu na wallafa jadawalin wuraren da za a buɗe a shafinta na intanet makonni kafin ranakun, tare da taswira da lokutan buɗewa da rufewa. Wasu wuraren layi kawai ake bi, wasu kuma, musamman Fadar Elysee a 'yan shekarun nan, sai wanda ya yi rajista tun da wuri ya samu gurbi da lokacin shigarsa, kuma guraben kan ƙare cikin ɗan ƙanƙanen lokaci da zarar an buɗe. Ƙa'idar kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka ka duba shafin kowane wuri da kanka tun farkon Satumba, ka kuma rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo ko katin zamanka.

Na uku, ka karanta tarihin ginin kafin ka je, domin a ciki jama'a na tafiya ne a jere ta hanyar da aka shata da igiya, ba a cika samun damar komawa baya ba. Wanda ya san abin da yake nema ne kawai yake ganinsa. An gina Elysee a farkon ƙarni na 18 a matsayin gidan wani basarake, Madam Pompadour, masoyiyar sarki Louis na 15, ta saye shi a 1753, kuma a 1848 aka fara mayar da shi mazaunin shugaban ƙasa. A cikinsa akwai wani ƙaramin ɗaki da ake kira Salon d'Argent, inda Napoleon ya sa hannu a takardar murabus ɗinsa a watan Yunin 1815 bayan an ci shi da yaƙi a Waterloo. Da yawa kan wuce shi ba su waiwaya ba, alhali hankalinsu na kan Salon Doré, ofishin nan mai ado na ruwan zinari da yawancin shugabannin ƙasar suka yi aiki a cikinsa tun daga Janar de Gaulle. A Matignon kuwa, wanda ya zama gidan firaminista a 1935, lambun ne abin kallo, kuma a nan za ka ga itatuwan da firaministoci suka dasa, al'adar da Raymond Barre ya fara. Fadar Luxembourg an soma gina ta ne a 1615 domin sarauniya Marie de Médicis, kuma idan ka shiga ɗakin karatunta ka ɗaga kai sama, domin zanen da ke rufin aikin shahararren mai zane Delacroix ne.

Na huɗu, shirin fita. Ka ɗauki katin shaidarka na asali, ka sa takalmi mai daɗin tsayuwa, ka riƙe riga mai ɗan kauri ko ƙaramar lema saboda yayyafin kaka. Ka bar babbar jaka a gida, haka nan wuƙa ko almakashi komai ƙanƙantarsu, domin a kowace ƙofa akwai jami'an tsaro da na'urar bincike irin ta filin jirgin sama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi mota sauƙi, tunda akan rufe wasu tituna da ke kewaye da fadojin. Inda ba a rajista, ka isa kafin a buɗe ƙofa. Sammako a nan yana rage maka sa'o'i na jira.

Na biyar, idan ka shiga, ka yi tambaya. Waɗanda ke tsaye a ɗakunan sau da yawa ma'aikatan gidan ne da kansu, kuma sukan yi farin cikin bayyana yadda ake shirya teburin liyafar shugabanni ko yadda ake kaɗa ƙuri'a a zauren majalisar wakilai mai kujeru 577. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, kada ka taɓa labule ko kujera, kada kuma ka ƙetare igiya.

Sai batun salla, wanda ya kamata a sa shi cikin lissafin tafiyar tun daga gida, tunda wanda ya fita daga layi ba lallai ya samu wurinsa ba idan ya dawo. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana unguwa ta biyar daura da lambun Jardin des Plantes, kuma daga Fadar Luxembourg ana iya zuwa da ƙafa. Mai ziyara zai iya gama majalisar dattawa da hantsi, ya yi azahar a masallacin, ya kalli hasumiyarsa mai tsawon mita 33, sannan ya ci abinci a gidan shayin da ke jikinsa.

Ranar Lahadi ta fi dacewa da wuraren da cunkosonsu bai kai na Elysee ba, kamar ofishin magajin garin Paris, wanda aka ƙona a 1871 aka sake gina shi, ko Quai d'Orsay inda ministan harkokin waje na lokacin, Robert Schuman, ya karanta sanarwarsa ta 9 ga Mayun 1950 da ta zama tushen Tarayyar Turai. Ka lura cewa akan daina karɓar masu shiga tun kafin lokacin rufewa da aka rubuta, saboda haka ka sa ziyararka ta ƙarshe da wuri bayan azahar.