Ciwon Gaut da Furannin da Ake Ci: Kurakuran da Aka Fi Yi

Ciwon gaut yana tasowa ne idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini har ya daskare a cikin gaɓa, galibi a babban yatsan ƙafa, wanda kan kumbura cikin dare ya yi zafin da ko mayafi mutum ba ya so ya taɓa shi. Kuskuren farko da masu fama da shi ke yi shi ne su ƙaurace wa zoɓo da furen zogale da kanumfari, alhali waɗannan ba su cikin abincin da aka sani yana tayar da ciwon. Abin da ya kamata a rage shi ne hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, da jan nama irin balangu da kilishi, musamman a makon Babbar Sallah.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na sukari. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato kan haura digiri 40, mutum yakan sha zoɓo mai sanyi gora bayan gora yana ganin kayan lambu yake sha, bai lura da yawan sukarin da aka narka a ciki ba, alhali abin sha mai yawan sukari yana ƙara yurik asid. Gyaran shi ne a dafa zoɓon a gida da citta da kanumfari, a rage sukari sosai ko a bar shi, sannan a yawaita shan ruwa, domin ƙarancinsa a jiki yana tayar da ciwon, kuma mai azumi ya fi kowa buƙatar kula da wannan tsakanin buɗa-baki da sahur.

Akwai kuma masu ajiye maganin asibiti irin alofurinol, mai rage yurik asid, su koma shan zoɓo kawai. Babu furen da zai maye gurbin maganin, kuma gwajin jini ne zai nuna ko yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita, wanda shi ne abin da likitoci ke nema. Mai shan maganin hawan jini ya sanar da likitansa yawan zoɓon da yake sha, tunda zoɓon yana iya ƙara saukar da jinin.

Ba kowane fure ake kaiwa baki ba: zaƙami da tumfafiya guba ne, furannin ado kuwa sau da yawa an fesa musu maganin ƙwari.