Daren jajibirin babbar tiyata: abin da za a kula da shi

'Yan'uwa na Zango, ga mai shiga tiyata gobe a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu: a daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin a shiga, har da koko da shayi mai madara. Ruwa zalla yawanci ana bari a sha har zuwa awa 2 kafin a shiga, amma maganar likitan da zai sa barci ita ce a gaba. Dalili kuwa, idan an sa mutum barci da abinci a cikinsa, yana iya tasowa ya shiga huhu. Masu jinya, don Allah kada tausayi ya sa ku ba shi ko loma ɗaya a ɓoye.

A nuna wa likita duk maganin da ake sha, musamman na suga, na hawan jini da aspirin. Jiƙo da saiwa ma magani ne, a faɗa. Kada a aske wurin da za a yi tiyatar da reza, ƙananan yanka na jawo ƙwayoyin cuta. A cire zobe, haƙoran roba da jan farce.

Dangi su shirya masu ba da jini tun da wuri, katin inshorar lafiya na NHIS na hannu. 'Yan dubiya su yi addu'a su tafi da wuri, a bar majinyaci ya samu barci, kuma banda labarin wanda ya shiga bai fito ba.