Yadda ake kula da kifin beta, daga bakin wanda hunturu ya kashe wa na farko

Beta ƙaramin kifin ado ne da ake ajiyewa a gida. Kifina na farko bai cika wata biyu a gidanmu ba. A cikin wata 'yar kwalba na saye shi, ja wur, jelarsa na jan ƙasa kamar alkyabbar hakimi ranar hawa, shi ya sa 'yata ta raɗa masa suna Mai Alkyabba. Mai sayarwa ya ce min ba ruwansa da wata hidima, ruwa kawai da ɗan abinci. Da sanyi ya kankama a Zariya cikin Disamba, sai ya daina ci, ya tattare fuka-fukansa ya lafe a gindin kwalba. Wata safiya muka tashi ya mutu. Wanda na saya bayansa yanzu shekararsa ta uku ke nan a wurina, kuma ban taɓa kashe kuɗi mai yawa a kan magani ba.

Asalin kifin nan Tailan ne, ƙasar da a da ake kira Siyam, inda yake zaune a gonakin shinkafa da fadamu masu ruwan ɗumi. A 2019 ma ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Allah ya yi masa wata gaɓa a kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa, kuma wannan baiwa ce ta jawo masa wahala: tunda ba ya saurin mutuwa a ruwan da ya lalace, sai ake cusa shi a kwalba a ce ai haka yake so. Fadamar Tailan ba ta da zurfi, gaskiya ne, amma tana da faɗi.

Saboda haka ka nemi akwatin gilashi da zai ci aƙalla lita 20, kusan jarka ɗaya ta 'yan garuwa. Ka sa masa murfi, don yana tsalle, amma ka bar tazarar yatsa biyu tsakanin ruwa da murfin domin ya samu iskar shaƙa. Namiji ɗaya tak a akwati. Idan ka haɗa biyu za su yayyaga juna, ba wasa suke yi ba. Furannin roba masu kaifi kuma suna keta masa jela. Ka goga su a jikin tsohon ɗankwali mai santsi, wanda ya kama zaren ka jefar da shi.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, guba ce da ido ba ya gani, tana ƙona masa wurin numfashi da fuka-fukai. Abin da ke cinye ta wasu ƙwayoyin halitta ne masu amfani da ke zama a cikin matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin, kuma sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Matatar ruwa mai soso, wadda ke aiki da ƙaramin famfon iska, ta fi dacewa, domin ba ta kaɗa ruwa da ƙarfi. Wannan doguwar jela ado ce, ba ta iyo da igiyar ruwa ba ce. A waɗancan makonni na farko nakan canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu. Bayan nan sai sau ɗaya a sati, ni ranar Asabar da hantsi, da 'yar tiyo ina zuƙo dattin ƙasa cikin bokiti. Kada ka juye ruwan duka, kada kuma sabulu ko omo ya taɓa akwatin. Soson matatar ma a cikin tsohon ruwan da ka kwaso za ka matse shi, don ruwan famfo zai kashe ƙwayoyin da ka yi wata guda kana jira.

Ruwan famfo yakan zo da kulorin, sai ka ɗiga masa maganin cire kulorin da masu sayar da kifi ke da shi kafin ka zuba. Na burtsatse yawanci ba shi da wannan matsala. Ko wanne ne, ka tabbata ɗuminsa ya yi daidai da na cikin akwati.

Ɗumin da yake so digiri 25 zuwa 28 ne a ma'aunin Salshiyas. Ka sayi ma'aunin zafi ka manna, kada ka dogara da tsoma yatsa. Da hunturu ƙaramar hita ta ɗumama ruwa mai wat 25 ko 50 ta isa lita 20. Matsalarmu ita ce wuta. Idan aka ɗauke ta, rashin iska ba zai kashe shi da wuri ba tunda yana leƙowa sama ya shaƙa, sanyin asuba ne abin tsoro. Ni bargo nake lulluɓa wa akwatin tun bayan isha'i, idan daren ya yi tsanani in cika gorar roba da ruwan ɗumi in rufe ta gam in sa ta yi yawo a ciki. Da bazara kuwa, a Afrilu da Mayu, akasin haka ne: ka nisanta shi da taga, ka bar fanka ta riƙa busa saman ruwan.

Abinci kaɗan ne. Ƙwari yake ci a daji, don haka ka nemi ƙwayoyin abincin da aka yi domin beta, uku ko huɗu da safe, haka da yamma. Burodi da tuwo ba nasa ba ne, ko da yara sun matsa. Rana ɗaya a sati ba na ba shi komai.

Cutar da za ka fi gani ita ce ruɓewar fuka-fukai. Bakin jelar zai yi baƙi ko fari, ya riƙa zagwanyewa kamar tsumman da gara ta ci. Kafin ka ruga neman magani, ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum har sati guda; sau biyu wannan kaɗai ya warkar min da shi, sabuwar jela ta fito garai-garai kamar leda kafin ta yi launi. Idan ta ƙi, sai ka mai da shi wani mazubi daban ka narka gishirin kifi, ƙaramin cokali ɗaya a lita 4, kada ya wuce kwana 10 a ciki.

Idan ka ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana kuma goga jiki da duwatsu, ƙwayar cuta ce da ke yawan kama kifin da sanyi ya raunana. Ka ɗaga ɗumin a hankali zuwa digiri 29 ko 30, ka sa maganin fararen ɗigo yadda aka rubuta a kwalbar, ka ci gaba da shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, domin maganin ba ya samun ƙwayar sai ta bar jikin kifin. Akwai 'yar uwarta mai kama da ƙurar zinariya, ita sai ka kashe fitila ka haska shi da tocila za ka gan ta. Tana son haske, don haka a rufe akwatin da zane yayin magani.

Wanda cikinsa ya kumbura yana iyo a karkace, galibi ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ka hana shi abinci kwana biyu ko uku. Amma idan kumburin ya zo da ɓawon jikinsa a tsaitsaye kamar bayan abarba in ka leƙo ta sama, to abin ya taɓa ƙoda, kuma da wuya ya tashi. Ka keɓe shi a ruwa mai tsabta da ɗumi, ka shirya wa yara zancen tun da wuri.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali kusan kowane gida muna yinsa: feshin maganin sauro. Ɗan abin da ya sauka a saman ruwa ya isa ya kashe kifi. Kafin a fesa, ka kashe famfon iska, ka rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, kada ka buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita. Haka ma hannun da ya taɓa man shafawa ko turare, a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ya shiga akwati.

Masu kiwonsa a Tailan suna jefa masa busasshen ganyen almon, irin bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa a harabar makarantu don inuwa, wadda yara ke fasa ƙwallonta su ci. Yana rina ruwan ya koma kamar shayin da ba a zuba wa madara ba, kuma kifin yakan fi sakewa a cikinsa. Wanda ya bushe ya faɗo da kansa za ka tsinta, nesa da titi da inda ake feshi, ka wanke shi ka sa guda ɗaya a lita 20, in ya fara narkewa bayan sati biyu ko uku ka cire ka sa wani.