Idan motar shara ta daina zuwa: yadda unguwa za ta kwashe shararta, ta kuma sa mahaliyya ta ɗauki nata kason

A Sudan, daga Gadarif zuwa Kasala, Madani, Sinnar da Mairuno, rigimar iri ɗaya ce. Motar shara ta yi wata ba ta leƙo ba, mutane su daina biyan kuɗin shara, mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, kuma ta ce ba ta da abin zuba wa mota mai tunda ba a biya. Ana cikin wannan ja-in-ja bola na ta tashi a bayan makaranta da bakin kwalbati. Abin da ke warware ta shi ne a raba aikin gida biyu. Daga ƙofar gida zuwa matattara, wato wurin tara shara kafin mota ta kwashe, aikin unguwa ne, kuma unguwa na iyawa da jaki ɗaya. Daga matattara zuwa babban juji a bayan gari aikin mahaliyya ne, kuma a kan wannan kaɗai za ku tsaya mata.

Ku fara da sanin inda kuɗin ke maƙalewa. Kasafin hukuma a Sudan babi-babi ne: babi na farko albashi, sai kuɗin gudanarwa, wato mai da taya da batir da gyara, sannan ayyukan raya ƙasa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci albashi ake fara biya, gudanarwa ce ke shan yanka. Matsin ya daɗe: rabewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, a Yunin 2021 aka cire tallafin fetur da dizal, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma ya lalata motoci da dama, ya tura ɗimbin 'yan gudun hijira garuruwan gabas, shara ta ƙaru alhali kuɗin shiga ya ragu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, sau da yawa direba na nan, mota na nan a gareji, dizal ko taya ce babu. Wanda ya je ofis yana cewa "ku kwashe mana shara" zai dawo da haƙuri. Wanda ya je yana cewa "tifa ɗaya muke so, Litinin da Alhamis, wuri ɗaya za ta tsaya, lodi namu ne" ya kawo abin da za a iya sa wa hannu.

Wa zai yi magana da sunan unguwa

Nan ne aiki ya fi mutuwa tun kafin a fara. A zamanin shugaba Bashir lajna sha'abiyya, wato kwamitocin unguwa na gwamnati, ke riƙe da irin wannan hidima. Bayan faɗuwarsa a 2019 aka rushe su, kwamitocin sauyi da hidima suka maye gurbi, ga kwamitocin matasa, ga masu unguwanni da sarakunan Hausawa da suke nan tun fil azal. A unguwa guda sai ka samu ɓangare uku kowa na ganin shi ne mai magana, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin shara sauran za su ce ya kafa kansa.

Ku kafa kwamitin shara na mutum biyar ko bakwai wanda ba mallakar kowane ɓangare ba. A sa mace aƙalla biyu, don sharar gida a hannun mata take, kuma su suka san gidan da ba zai iya biya ba. A sa mai shago ɗaya, matashi ɗaya, da wani daga maƙwabtan da ba Hausawa ba ko daga baƙin da yaƙi ya koro. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne: da zarar an ce aikin na ƙabila ɗaya ne, rabin layi zai janye. Mai karɓar kuɗi daban, mai ajiya daban. Ku rubuta sunayen, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa dabit idari, wato jami'in mulki na yankinku, ya buga hatimi, ku riƙe kwafi.

A auna kafin a yi lissafi

Ku zaɓi gida 20, manya da ƙanana, ku ba kowanne buhu, ku riƙa aunawa kullum da sikelin rataye har kwana takwas. Awon ranar farko a watsar, domin mutane kan juye tsohuwar sharar da suka tara. Abin da aka saba samu a irin unguwanninmu bai cika nisa da rabin kilo ga kowane mutum a rana ba. Idan aka ɗauki wannan, gida 200 mai mutum takwas-takwas na fitar da kilo 800 a rana, tan 5.6 a mako.

Sai ku zazzage buhunan a kan leda ku duba abin da ke ciki. Za ku ga babban kaso ƙasa ce ta sharar tsakar gida da tokar gawayi, sai ɓawon albasa da ragowar abinci, sai leda da robobi. Ƙasa da toka ba su da dalilin hawa mota. A tankaɗe su da rariyar waya a cike ramukan layi da su. Ragowar abinci na awaki da kaji ne, wanda ya ruɓe kuma a zuba a ramin taki mai zurfin mita ɗaya tare da kashin dabbobi da busasshen ganye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama takin da masu lambu ke nema. Ƙarfe, gwangwani da robar ruwa suna da masu saye. Idan gidaje suka yi haka da gaske, kilo 800 na iya komawa kusa da 400. Mahaliyyar da ba ta iya ba ku tifa huɗu a mako tana iya ba ku biyu.

Karo da buhu

Karon jaki, wato amalanken da jaki ke ja, a kan turɓaya kada a ɗora masa fiye da kilo 300. Kilo 2,800 a mako ke nan sawu goma, wato biyu a rana cikin kwana biyar, karo ɗaya ya wadatar. A ɗaga gefunan karon da katako ko raga kamar rabin mita, don shara cika wuri take yi kafin ta yi nauyi. Mai karon ya sami safar hannu mai kauri, takalmin roba, cebur da manjagara, jakin kuma a huta da shi da tsakar rana.

Kowane layi a bi shi sau biyu a mako, ba sau ɗaya ba. A zafinmu ƙuda na tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka sharar da ta kwana bakwai ta riga ta ƙyanƙyashe. Rana da sa'a kada su canza. Kafin yaƙi an gwada wannan tsari na ƙayyadadden lokaci da ƙayyadadden wuri a wasu unguwannin Khartoum da taimakon hukumar JICA ta Japan, kuma dukan ƙarfinsa a kan cika lokaci yake. Idan mai karo ya saɓa sau biyu, mata za su koma aiken yara bola.

Shara ta zauna a buhu daga gida har cikin mota. Kowane gida buhu biyu, irin na sukari ko albasa, kada ɗaya ya wuce kilo 20, a ɗaure baki. Dalilin yana wajen lodi: mutum huɗu na jefa buhuna cikin tifa a ƙasa da sa'a, amma sharar da aka juye a ƙasa sai an nemo motar loda, ita kuma ita ce abin da mahaliyya ta fi rasawa. Duk matattarar da ta koma bola, daga juye buhu ta fara.

Matattara

Kada ta wuce kilomita ɗaya da rabi daga layi mafi nisa, in ba haka ba jaki a hanya zai ƙare yini. Fili mai mita huɗu da biyar ya ishi gida 200. A daɓe shi ya ɗara ƙasa da taƙi ɗaya, a kewaye da raga saboda awaki da karnuka, a sa ƙofa da kwaɗo, mabuɗi a hannun mai karo. Ta yi nisa da kwari da magudanar ruwa, da famfo ko rijiya, da makaranta. Ku tabbata tifa na iya shiga ta juya. A Gadarif da Sinnar da ƙasar Jazira, inda baƙar laka ke riƙe taya da ruwan farko, matattara ta kasance a bakin kwalta ko hanyar da aka zuba wa tsakuwa, ko da ta ɗan ƙara nisa.

Gidajen da ke maƙwabtaka da wurin a nemi yardarsu tun farko, a yafe musu kuɗin wata, a kuma yi musu alkawarin cewa buhu ba zai wuce kwana huɗu a wurin ba. Filin na hukuma ne, saboda haka sai da izinin mahaliyya a rubuce. Wanda ya kafa matattara da baki kawai, ranar da aka sauya jami'i za a ci shi tara a kan bolar da ya yi don taimako.

Takarda da mahaliyya

Ku je mutum uku, da awonku a rubuce da zanen unguwa. Ku fara da jami'in lafiya na yankin, shi ne zai rubuta wa mudir tanfizi, wato babban daraktan mahaliyya, kuma shi ya fi kowa sanin abin da bola ke jawowa bayan kwalarar da aka ayyana a Gadarif a 2023 da wadda ta bazu daga Kasala a 2024. Takardar ta ƙunshi wurin matattara, ranakun mota, wanda zai yi lodi, wanda zai zuba mai, sunan jami'in da za a kira idan mota ba ta zo ba, da abin da zai faru da kuɗin sharar da hukuma ke karɓa.

Wannan na ƙarshe shi ne zuciyar rigimar. Mutum ba zai biya mai karo ya kuma biya mahaliyya cikakken kuɗi ba, kuma yana da gaskiya. Ku nemi ragi a rubuce, tunda kun ɗauke mata rabin aiki. Idan aka ce doka ta ƙayyade kuɗin ba a taɓawa, ku nemi a lissafa man da kuke zubawa a matsayin wani kaso na biyan. Ban ba da shawarar a daina biya gaba ɗaya ba: yana hana ku bakin magana, kuma masu shaguna ke shan wuya, don a kansu ake kama bashin ranar sabunta lasisi. Amma duk kuɗin da ya tafi hukuma a karɓi rasit na hukuma, wanda aka sani da Urnik 15. Takardar hannu ba hujja ba ce.

Idan za ku sayi dizal, kada ku miƙa kuɗi. Mutum biyu su raka mota gidan mai a zuba a gabansu, bayan an auna nisan juji zuwa da dawowa an san litar da sawu ke ci. A ajiye littafi a matattara, direba ya sa hannu duk zuwa, a rubuta ranar da bai zo ba. Bayan wata uku, wannan littafin ya fi kowace zanga-zanga nauyi a teburin mudir.

Kuɗin wata

A tara ladan mai karo, abincin jaki, masu lodi, mai, buhuna, a ƙara kashi goma cikin ɗari na gyara. Kada a raba da 200. A cire gidajen marayu, gwauraye da baƙin da ba su da komai, a kuma ɗauka cewa wasu za su yi jinkiri. A raba da kamar 140. Shago, gidan abinci da mai shayi su biya ninki biyu ko uku gwargwadon buhunansu. Tunda darajar fam ɗin Sudan ba ta tsayawa, a sake lissafi duk wata biyu a gaban jama'a. Masu biya ta manhajar banki ta Bankak su tura asusu ɗaya da aka sani, a manna jerin shiga da fita a ƙofar masallaci duk ƙarshen wata. Gidan da ya ƙi biya kada a bar masa shararsa, don a kwalbati za ta kwana. A tura masa dattijo.

Damina, da ranar da mota ba ta zo ba

Kafin Yuni a yi gayyar yashe magudanai, a kwashe abin da aka fitar a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi. A tattara tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da fasassun tuluna, don a ruwan da ke kwanciya cikinsu ne sauron dengi da cikungunya ke haihuwa, irin wadda ta kwantar da Kasala a 2018. A rani, tsakanin girbin dawa da shirin huɗa, taraktocin manoma na zaune. Ku yi magana da mai tarakta da tirela tun da wuri ya zama madadin tifa.

Idan mako ya wuce babu mota babu tarakta, a haƙa rami a bayan unguwa, nesa da kowace rijiya da aƙalla mita 30, gindinsa ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi, a riƙa rufe abin da aka zuba da ƙasa mai kaurin santimita 15 kowace yamma. Allurai da kwalaben asibiti da na kemis ba sa shiga buhun gida. A sa su a galan mai murfi a mayar cibiyar lafiya.

Kada a cinna wa bola wuta. Hayaƙin leda na cutar da ƙirjin yara da tsofaffi, ga shi a Madani, Khartoum, Sinja da duk inda aka gwabza akwai harsasai da gurnetin da ba su tashi ba a cikin tarkace. Masu gayya a irin waɗannan wurare su fara dubawa da ido kafin su sa cebur. Duk ƙarfen da ba a gane ba kada a taɓa shi, kada a sayar wa 'yan gwangwan. A kewaye wurin da duwatsu daga nesa, a hana yara zuwa, a sanar da 'yan sanda ko masu aikin cire nakiyoyi.