Yadda ake zana fuska da allin fastel irin na Faransawan ƙarni na 18

Allin fastel, wato alli mai laushi da ake yi da garin launi, ya karɓu a Faris bayan zuwan mai zane Rosalba Carriera daga birnin Banis na Italiya a 1720. Wanda ya kai shi ƙololuwa shi ne Maurice Quentin de La Tour, wanda ya baje hoton Madam Pompadour, farkar sarkin Faransa, a 1755. Busasshen aiki ne, babu mai babu ruwa, shi ya sa ya dace da zafin Yamai.

A fara da takarda. Faransawan shuɗiya mai kaushi suke liƙawa a kan ƙyallen da aka ɗaure a katako. A nan takardar zane ta kamfanin Canson mai giram 160, ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, ta wadatar. Mai santsi ba ta riƙe gari.

In allin ya yi tsada, a haɗa shi a gida: garin launi, kamar jar ƙasa, da farin alli, a kwaɓa da ruwan ƙaro, ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwa. A mulmula kamar ɗan yatsa, a shanya a inuwa kwana 2 ko 3. In ya ƙi kama takarda, ƙaro ya yi yawa. In yana marmashewa, ya yi kaɗan.

A zaunar da mutum kusa da taga guda, ya ɗan karkata, kada ya fuskanci mai zane kai tsaye. La Tour yakan fara zana fuskar ita kaɗai a wata takarda, har sai ya kama kallon ido da motsin leɓe, kuma wannan ne ya fi cancanta a kwaikwaya. A ja layin ido, hanci da baki da gawayi sama-sama, sannan a shimfiɗa inuwa kafin haske. Shimfiɗar farko kaɗai ake murzawa da yatsa. Ta biyu da ta uku a bar zanen allin a fili, don yawan murza yana toshe kaushin takarda, launi ya daina zama, fuskar ta koma kamar an shafe ta da toka.

Fatarmu ba irin ta mutanen Bersai, fadar sarkin Faransa, ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce. Kada a yi inuwa da baƙin alli, yana kashe fuska. A sa ruwan ƙasa mai duhu da ɗan shuɗi, kumatu a ba su ja, goshi da karan hanci ruwan goro mai haske. Ɗigon fari a ƙwayar ido shi ne ƙarshe.

Maganin fesawa da ke kama gari yana duhunta launi, La Tour kansa ya lalata wasu hotunansa wajen gwaje-gwajensa. Gara a sa hoton a bayan gilashi, da tazarar milimita 5 don kada su taɓa juna, a liƙe bayansa da takarda saboda ƙurar hunturu. Da damina a nisanta shi da bango mai laima, in ba haka ba zai yi hunhuna.